Na'urar da Kawu Ya Kife da Kwano

Ina tsakiyar gonar albasar Kawu Sani a Kwatarkwashi, na ɗaga wani kwanon silba da na gani a kife, sai ga na'urata a ƙarƙashi!

Ƙananan na'urorin auna damshin ƙasa na dasa masa. Saƙonsu ba ya zuwa nesa, kowace sai ta miƙa wa maƙwabciyarta, har ya iso wayata a Gusau, in kira shi ya ba da ruwa. Kwana huɗu rabinsu sun yi tsit, albasar can ƙarshe har ta fara yaushi.

"Kawu, wa ya rufe wannan?"

"Ni na. Rana na gasa ta tun hantsi, tausayi ta ba ni."

"Ai ƙarfe yana tare saƙo. Ita ce a tsakiya, ka toshe bakinta, ka toshe na bayanta duka."

Ya ce, "Ni dai ba ni barin ta a rana. Kaba fa, tana tarewa?"

Ba ta tarewa. Yanzu haka ƙananan malfuna muke saƙa musu, kowace da tata. Wallahi sai gonar nan ta yi magana da wayata.

Masu wannan aiki, me ya taɓa rufe bakin naku na'urorin?