Dutsen da ke bayan maƙabarta

Ina idar da sallar asuba muka bar Laurel, garin da muke zaune a ƙasar waje, alhali jirginmu na zuwa Ireland sai yamma. Tsohon ne ya ƙi zama. Mu uku ne: shi, da 'yarsa, da ni mai jinyarsa shekara huɗu. Haifaffen wani ƙauye ne a yammacin Ireland. Kullum ina yi masa wanka yana ba ni labari ɗaya, wai da ƙuruciya ya ɗaga wani dutse har ƙirji, dutsen da ya gagari mazan garinsu. Ni dai "to" nake cewa. Burinsa kafin ya mutu shi ne ya sami mutum ɗaya da ya tuna.

Da muka isa, hanyar ƙauyen siririya ce, mota biyu sai an yi wa juna kara. Tumakinsu duk an shafa musu fenti a baya. Yayyafi ba ya yankewa, dankali kuwa safe da rana da dare, har na fara mafarkin tuwo.

Mun tarar da dutsen a bayan maƙabarta, ciyawa ta rufe shi. Na gwada, ko gezau. Samarin da muka tambaya ba su ma san yana da labari ba. Tsohon ya tsura wa dutsen ido daga kan kekensa na marasa lafiya, wallahi sai da na ji tausayinsa ya kama ni.

Muka shiga wani kanti shan shayi. Wata gyatuma ta ƙura masa ido, ta ce, "Kai ne ka ɗaga dutsen ranar jana'izar kawuna? Wandonka ya yage, duk mun gani!" Ya yi ta dariya har da hawaye. 'Yarsa ta riƙe baki, ashe ita ma ba ta taɓa yarda ba.

A jirgin dawowa mahaifina ne a raina. Ɗan kokawa ne a ƙauyenmu, kaka uku bayansa bai taɓa ƙasa ba. 'Ya'yana ba su sani ba, don na daina faɗa tun da suka fara amsa mini da Turanci. Na gane ƙarfin mutum ba ya wuce ran wanda ya gani.

Washegari na sayi katin waya a Wheaton, wani gari kusa da mu, na kira goggona, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka gani. Na tara yaran, na ce, "Goggo, ba su labarin Baba."

Ta ce, "Ashe akwai mai tambaya."