Jif ɗin Yayana da Jakin Tsoho

Ba a jima da ba mu jihar Kebbi ba, yayana ya sayo wata tsohuwar jif, irin mai shiga yashi da taɓo, don ɗauko albasa daga gonakin da manyan motoci ba sa kaiwa. Shi ne mai mota, ni ne direba. Tun ranar da na fara riƙe ta na san akwai rigima. Sitiyarinta wasa yake yi, sai ka murɗa ka ƙara murɗawa kafin tayoyin gaba su ji. In ta faɗa rami kuwa, ita ke zaɓar inda za ta nufa.

Na gaya masa, ya ce hannuna ne bai nuna ba. Da ƙyar na ja shi wurin wani bakanike a Jega. Mutumin ya ɗaga gaban da jak, ya girgiza taya, sai ga ta tana kaɗawa kamar haƙorin da ya kusa fita. Ya ce kawunan tayarod, wato ƙarfen da ke haɗa sitiyari da tayoyi, sun cinye, sai an sayo sababbi daga Sakkwato.

"Ana tsakiyar kwasar albasa zan aje mota?" in ji yayana. "Cusa mata roba mu tahi."

Bakaniken ya yanko tsohon tib na taya ya cusa.

Wata safiya na yi lodi a bayan ƙauyen Jiga Makera, na biyo wata siririyar hanya a tsakanin gonaki. Wani tsoho yana tafe a gefe, yana kora jakinsa. Tayar hagu ta daki kututture. Na murɗa dama, sitiyarin ya juya a hannuna fayau, motar ta yi hagu abinta. Na taka birki, amma lodi ya riga ya tura ta. Tsohon ya faɗa cikin wani rami ya tsira. Jakin ne ta take wa ƙafa.

Tsohon bai zage ni ba. Ya durƙusa yana shafa wuyan jakin, ya ce, "Ɗana, da shi nika kai kaya kasuwa." Da ma mari ya kwaɗa mini.

Aka aika Aliero inda yayana yake, ya iso a kan babur. Ko kallon motar bai yi ba. A gaban jama'a ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, gangancinsa ne. Kullum ina yi masa faɗan gudu."

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar.

"Yaya, ka ji tsoron Allah! Gudu da lodi a wagga hanya? Duƙa ka ga robar da ka sa aka cusa!"

Ya ce ba ni da kunya. Na jefa masa makulli na ce ya tuƙa da kansa. Ya shiga a fusace, na zauna a gefensa. Kafin mu fita titi har ya jiƙe da gumi, yana kokawa da sitiyari, motar tana lilo tana shafar darni. Ya tsaya ya kashe ta, ya ce rana ta yi zafi.

Washegari aka kai ta Jega. Aka sa sababbin kawuna, aka ɗaure akwatin sitiyarin, aka daidaita tayoyin da igiya. Da na ɗauke ta zuwa Maiyama, da hannu ɗaya na riƙe ta, tana tafiya ɗoɗar. Gyaran bai ci yini biyu ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Dattawan ƙauyen suka sa ya saya wa tsohon wani jaki. Ni kuwa bai taɓa komawa ya wanke ni a gabansu ba. Har lokacin da na bar tuƙin jif ɗin, in na tsaya shan ruwa a ƙauyen, sai na ji ana cewa ga direban nan mai ganganci. Da aka gama kwasar albasar shekarar na ajiye masa makullinsa, na koma jan tasi tsakanin Jega da Birnin Kebbi.