Na Kai Talabijin Shinkafi Don Gwaggo Ta Ga Ɗanta

Mun tashi da asuba muka shirya kaya, amma ba mu bar Ƙauran Namoda ba sai da rana ta ɗaga. Hanyar Shinkafi yanzu ba a yi mata sammako. Ni ne da wani maƙwabcina mai mota, sai kuma talabijin ɗina da muka naɗe da bargo biyu muka kwantar a kujerar baya kamar maras lafiya.

Ga dalilin tafiyar. Gwaggona, yayar mahaifina, tana zaune a Shinkafi. Ɗanta na fari, Lawali, direba ne, 'yan bindiga suka tare shi a hanya suka shige da shi daji. Ya yi wata biyu da 'yan kwanaki a hannunsu. A cikin kwanakin nan sau biyu muna yi wa Gwaggo ƙarya cewa an sako shi yana hanya, don kawai ta sa wani abu a cikinta, kuma da bakina aka yi ta biyun. Da Allah ya kuɓutar da shi da gaske, aka wuce da shi asibiti a Gusau saboda ƙafafunsa sun lalace, sai Gwaggo ta ƙi yarda. An ba ta waya ta ji muryarsa, ta ce wannan shaƙaƙƙiyar murya ba ta ɗanta ba ce. An yi kiran bidiyo, amma yanar ido ta rufe mata gani, ba ta ganin komai a ɗan allon waya sai inuwa. Ta yanke cewa ya rasu muna ɓoye mata. Ta daina cin abinci, ga hawan jini, hawa mota zuwa Gusau kuwa ta ce sai dai a ɗauki gawarta.

Shi ne na tuna talabijin ɗina irin na zamani ne, wanda ake haska masa duk abin da ke allon waya. Na ce in fuskar Lawali ta cika allo mai faɗin ƙofar ɗaki, ko mai yanar ido zai gani. Ana gobe tafiya, da la'asar, muka gwada a gida: maƙwabcina ya buɗe waifai na wayarsa, na haɗa wayata da talabijin a kansa, hoto ya fito tangaran.

A bakin gari muka tarar da motoci sun yi layi suna jiran rakiyar jami'an tsaro. Masu ƙosai da kunu sun gane wurin, sun kafa kasuwa. Ƙosan da muka saba saye uku a farashi ɗaya yanzu ɗaya ake ba ka, shi ma ya rame kamar ya yi jinya. Wani jami'i ya leƙa motarmu ya ɗaga bargo, ya tambaya ko kayan aure ne. Na ce a'a, magani ne. Ya dube ni, ya dubi talabijin, ya ce mu wuce.

Maƙwabcin nan nawa mutum ne mai surutu, ko a jana'iza sai an taɓa shi. Muna barin gari ya yi tsit. Ƙarshen damina ne, dawa ta yi tsawo har ta fi mota a wasu wuraren, kuma abin da a da yake faranta ran matafiyi shi ne yanzu yake hana shi sakewa, don ba ka san abin da ke bayanta ba. A wasu wuraren kuma gonakin babu komai sai ciyawa, ba wanda ya noma su. Mun wuce ƙauyuka biyu da ban ga ko kaza ba, ɗakuna a buɗe, rumbuna sun rufta. Ramukan hanya kuwa sai direba ya zaɓi wanda zai faɗa, kuma ba mai son rage gudu.

Kafin mu kai Moriki, a ƙasar Zurmi, motar gaba ta taka birki, duk ayarin ya tsaya. Aka ce kowa ya kashe inji, kada wanda ya fito. Labari ya biyo motoci ɗaya bayan ɗaya cewa an hangi babura suna tsallaka titi a gaba. Ban ga komai ba, kuma rashin ganin ya fi tayar da hankali. Wata mata a motar da ke gabanmu ta toshe bakin jaririnta da nono. Ina jin maƙwabcina yana maimaita hasbunallahu a hankali, hannunsa a kan makulli. Can nesa muka ji ƙara sau biyu, ban san ko bindiga ba ce ko wani abu. Mun fi rabin awa a haka kafin a ɗaga mana hannu. Da muka shiga Moriki na sayi fura da nono wajen wata Bafulatana, na riƙe kwanon na kasa sha har ita ta lura ta ce, "Sha, malam, ai kun wuto."

Mun wuce kwanar Badarawa lafiya, muka shiga Shinkafi hantsi ya yi sosai. An gaya mana ayarin komawa zai tashi da an idar da azahar, wanda ya makara sai ya kwana. Abin da ke hannunmu bai kai awa uku ba.

Na tarar da Gwaggo kwance a tabarma a rumfar tsakar gida, ta zama rabin yadda na san ta. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa, sannan ta ce, "In ta'aziyya ta kawo ka, ka yi ta ka huta. In kuma wata ƙaryar ce kaz zo da ita, na ƙoshi."

Babu wuta a unguwar, an ce ta kwana biyu ba ta leƙo ba. Matar Lawali ta aro mana janareta wajen wani tela, muka sayi man kwalba a bakin titi da tsadar da har yanzu ban huce ba. Muka jingina talabijin a kan tebur cikin inuwar rumfa, muka ja igiya, ya kama. Na sa hannu a jaka in ɗauko rimot. Babu. Na zazzage jakar, na koma mota na ɗaga kujeru. Sai a lokacin na tuna na bar shi a kan kujerar falo a Ƙaura. Talabijin ɗin kuwa maɓalli ɗaya gare shi a ƙasa, na kunnawa da kashewa. Ga allo ya haska yana jiran umarni, ba abin ba shi umarnin.

Na ratso wannan hanya, na jefa ran maƙwabcina a haɗari, na zo zan sake zama maƙaryaci a gaban tsohuwa. Maƙwabcin nawa ne ya ce bari ya buɗe waifai ɗinsa kamar jiya, wataƙila talabijin bai manta shi ba. Ya buɗe. Muka zuba wa kusurwar allo ido. Bayan ɗan lokaci alamar ta fito, ya kama da kansa. Ina da manhajar rimot a wayata da na taɓa saukewa ban taɓa amfani da ita ba sai sau ɗaya, ranar da yara suka ɓoye na gaske. Na buɗe ta, ta nemo talabijin, ta gan shi. Na danna kibiya a waya, abu ya motsa a allo. Daga nan na shiga wajen haska allo, sai ga fuskar wayata ɓaro-ɓaro a talabijin.

Saura sabis. A cikin rumfa sanda ɗaya ce, tana zuwa tana tafiya. Matar Lawali ta ce sai kusa da katangar gabas ake samu. Maƙwabcina, da girmansa da tumbinsa, ya kife turmi ya hau, ya ɗaga wayarsa sama kamar mai kiran gwanjo. Na kira ƙanen Lawali da ke jinyarsa a Gusau. Kira na farko ya yanke. Na biyu ya shiga, hoto ya daskare a kan silin asibiti. Na dubi agogo, sha biyu ta wuce. Na uku ne ya zauna.

Fuskar Lawali ta cika allon. Ya rame, gemu ya yi fari-fari. Muryar ba ta bi ta talabijin ba, daga wayar hannuna take fita, don haka na matso da ita kusa da kunnen Gwaggo. Muka ɗaga ta zaune, muka matsar da tabarma har ta kusa taɓa tebur. Ta daɗe tana kallo, ta karkata kai hagu, ta karkata dama.

"Inna, ni ne," in ji shi.

Ta juyo wajena. Ta ce da ni, "Ce mishi shi ɗaga hannunshi na hagu, shi buɗe yatsu."

Ya ji da kansa. Ya ɗaga, hoto ya tsaya cak, ya farfashe. Na yi wa maƙwabcina tsawa ya ƙara ɗaga wayarsa, ya ce hannun nasa iyakarsa ke nan. Sai hoton ya dawo. Ƙaramin yatsan Lawali a lanƙwashe yake tun yana yaro, jaki ne ya taka shi. A allon nan yatsan ya kai tsawon ludayi. Gwaggo ta miƙa hannu ta shafa gilashin.

"Lawali," ta ce.

Ɗan fari ne, kuma tun da nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, sai dai "wancan" ko "yaron nan". Matarsa ta juya ta shige ɗaki tana kuka. Shi ma a can ya rufe fuska. Sun yi magana ba ta fi ta minti goma ba, yawanci faɗa take yi masa a kan ramar da ya yi, kamar shi ya sa kansa. Da sabis ya ɗauke gaba ɗaya, ta juyo ta ce a dama mata kunu, kada a cika tsamiya. Sannan ta kama kunnena, da ƙarfin da ban zaci ya rage mata ba, ta ce, "Kai kuma kada ka ƙara."

Ba mu tsaya cin tuwon da aka ɗora ba. Muka naɗe talabijin, muka yi sallah a gurguje, muka sami ayari ana shirin tashi. Komawar ba a tsayar da mu ko'ina ba, amma ba wanda ya saki jiki sai da muka hango hasumiyar masallatan Ƙaura, ana kiran la'asar.

Da na zauna a gida na yi ta juya abin a raina. Na koyi cewa wayar da ke aljihuna ta fi ni sanin aikinta, kuma ya kamata mutum ya gwada irin waɗannan abubuwa tun ba ranar buƙata ba. Amma babban abin da na dawo da shi ba na na'ura ba ne. Mun ɗauka tausayi ne muka yi wa tsohuwa da muka yi mata ƙarya, ashe maganar bakinmu muka kashe. Da tun farko mun gaya mata gaskiya mai ɗaci, ranar da daɗin ya zo kalma ɗaya ta isa, ba sai mutum biyu sun bi hanyar Shinkafi da ransu a hannu ba.