Sabo Ba Ya Ɗaure Kare

Ni dai ban taɓa son kare ba, gara in faɗa tun yanzu. Mijina Ɗanjuma ne ya shigo da shi gida cikin kwali, wai wata baturiyar likita da za ta koma ƙasarsu ta bar masa. Uwarsa irin karnukan nan ce masu gashi a nannaɗe da ake ce wa kanish, ubansa kuwa karen unguwa ne da ba wanda ya san sunansa. Sai ya ɗauko gashin uwa da ƙafar uba. Biju muke kiransa. Yaran unguwarmu a Tawa suna ce masa Ɗan Rago, kuma ba su yi ƙarya ba.

Karen nan bai san zama ba. Ya cinye mini takalma, ya tone gindin zogale, ya taɓa jawo shanyata kaf ya baza a tsakar gida. Ɗanjuma ne kaɗai ya iya da shi. Idan ya taso daga aiki a lise, makarantar sakandare, da azahar sai ya hau babur, Biju na biye da gudu har bayan gari, su dawo harshe a waje. Shekara biyu ke nan da Ɗanjuma ya rasu. Yaranmu duk sun watse, ni da Biju muka rage, kuma har yau in ya ji ƙarar babur irin nasa sai ya miƙe. Saboda haka ne nake zaginsa kullum amma ba na iya rabuwa da shi.

Bana da kaka likita ya ce sai na je Yamai an yi mini aiki a ido, sati uku. Ban damu da idon ba kamar yadda na damu da inda zan bar karen. Na taɓa ɗaure shi kwana biyu, na tarar ya kusa shaƙe kansa da igiya, ko ruwa bai sha ba. Na san sati uku a ɗaure gawarsa zan tarar, in kuma an sake shi zai ɓace.

Na fara da maƙwabciyata Raƙiya. Ta ce, "Madam Lidiya, ko akuya goma ce kawo. Amma kare cikin gidan Malam, ke ma kin sani." Na sani, ban ji haushi ba. Wajen likitan dabbobi aka nuna mini keji wanda bai fi akurkin kaji ba. Wani mai gadi ya ce in kawo, na je na ga sarƙa a gindin darbejiya, ƙasa ta yi kwari kewaye da itacen don zagayen karen da aka taɓa ɗaurewa a nan. Na juyo raina a ɓace. Moussa mai kabu-kabu da ke kai ni coci a babur ne ya ce, "Madam, ba ki san Sabo ba?"

Sabo yana zaune a wani ɗan ƙauye kan hanyar Kalfu, kilomita tara daga gari. Tsoho ne siriri, ya haura sittin da biyar, tsohon mafarauci. Idan an gama girbi mazan Adar suka kama hanyar Abijan ci-rani, masu karnukan farauta wajensa suke barin su har damina. Ranar da na je na ƙirga bakwai kwance ƙarƙashin aduwa, ba ko ɗaya da igiya. A reshen itacen kuma ga wata farar riga rataye. Ita ce rigar sallarsa, ba ya taɓa kare da ita.

Ya dubi Biju ya daɗe. Ya ce, "Wanga kuma tunkiya ce ko mi?" Sai ya juya masa baya ya zauna kan turmi, ya ci gaba da gyaran igiyar guga kamar ba mu zo ba. Ni har na fara tafasa, na biyo rana na zo ana yi mini wulaƙanci. Biju ya yi haushi, ya zagaya shi sau ba adadi, ya shinshina ƙafarsa. Can sai na ga ya kwanta ya ɗora haɓa kan takalmin tsohon. Ban taɓa ganin ya yi wa kowa haka ba sai Ɗanjuma.

Na ce, "Baba Sabo, ka ɗaure shi ko da kwana uku na farko ne. Guduwa zai yi."

Ya ce, "Ni ba ni ɗaure kare, ɗiyata."

Moussa ne ya ba ni dalili a kan hanyar komawa. Sabo ma ya yi Abijan yana saurayi. Ya bar karensa wajen ƙanensa, aka ɗaure shi don kada ya bi sawu. Da ya dawo igiyar kawai aka nuna masa. Daga nan bai sake zuwa ci-rani ba, bai kuma sake sa wa kare igiya ba.

Na tafi Yamai zuciyata ba daɗi. Sabo ba shi da waya. Ina kwance ido a naɗe, ba abin da nake gani sai Biju a kan titi da motoci.

Ranar da na dawo, tun kafin in buɗe ƙofa Raƙiya ta fito ta kama hannuna. Ta ce washegarin tafiyata da hantsi suka ga Biju a ƙofar gidana, yana karce ƙyaure yana kuka, jikinsa duk ƙarangiya har ido. Karnukan Adar gashinsu gajere ne, ƙarangiya ba ta cika damunsu ba, amma wannan ya zama dunƙulen ƙaya. Ba a jima ba sai ga wani tsoho da sanda da gora, ƙafa fari fat da ƙura. Bai kira karen ba, bai ja shi ba. Ya zauna a dakalina ya shiga cire ƙayar da yatsu, ɗaya bayan ɗaya, har azahar. Ya wanke hannu, ya ciro farar riga daga burgamensa ya yi salla, ya dawo ya zauna. Sai da la'asar ta yi sanyi karen ya miƙe da kansa, sannan tsohon ya miƙe, suka tafi tare.

Na ce, "Kai, Allah Sarki."

Raƙiya ta ce, "Tsaya, ban gama ba. Washegari ma haka. Jibi ma haka. Kwana goma sha ɗaya, Madam, na ƙirga. Malam da kansa ya riƙa aika masa da hura."

Kilomita tara zuwa, tara komawa, a ƙasa, ga shekaru. Na sa makulli na buɗe ƙofa. Shekara talatin ina koyarwa a lakwal, ina taƙama da haƙuri, ban taɓa yi wa ɗan mutum rabin wannan ba.

Ko ruwa ban sha ba na kira Moussa. Mun tarar da Biju yana kora awakin Sabo daga rijiya, an rage masa gashi da almakashi wani wuri tudu wani wuri kwari, ya yi muni, ya yi ƙiba. Da ya gan ni ya kusa kayar da ni. Sabo yana kan turminsa. Yatsunsa duk sun yi baƙi-baƙi da hujin ƙaya, diddigensa ɗaya naɗe da tsumma.

Na durƙusa na gaishe shi, sannan na yi masa faɗa, don ni haka nake. Na ce, "Baba Sabo, don Allah me ya sa? Da ka rufe shi a ɗaki kwana biyu ai da ya haƙura. Dubi ƙafarka."

Ya ce, "Ba gudu shikai ba, ɗiyata. Zuwa shikai shi duba ko kin dawo. Wanda ke jiran nashi ba a hana shi ƙofa. Raka shi akai, a zauna da shi, har ran da ya tashi da kainai. Ran na sha biyu ya fito bakin hanya, ya tsaya, ya dubi gari, ya komo."

Moussa ya ɗora Biju a tsakaninmu kan babur. Har muka shigo gari ina juya maganar Sabo a raina. Shekara biyu ke nan duk azahar nake buɗe ƙofa in tsaya, lokacin da Ɗanjuma ke tasowa daga lise. Fasto ya ce in yi haƙuri, yarana sun ce in daina, 'yan'uwa sun ce in koma Maraɗi in huta. Duk masoyana ne. Amma ba wanda ya taɓa zuwa ya zauna da ni a dakalin.