Gwabar da ta faɗo ƙasa

Ƙarshen damina ne, shekarar da ruwa ya yi yawa har katangar maƙwabtanmu ta zube a unguwarmu ta Bukoki. Komai na gidan ya jiƙe, tabarma ba ta bushewa, ashana ba ta kamawa, kuran kuwa, wato lantarki, sai ya ga dama yake zuwa. A tsakar gidanmu akwai icen gwaba, kuma a shekarar ya yi 'ya'ya har rassa suka sunkuya. Sai dai kowace ka ɗauka, a waje lafiya lau, rawaya mai ƙamshi, kana ɓarawa ka ga farar tsutsa tana motsi a ciki.

Kakata, wadda muke kira Inna Tsohuwa, ta zo daga Dogon Dutsi ta zauna da mu. Ba ta yarda da gawayi ba, itace take hurawa. Bayan an kwashe tuwo sai mu kewaye murhun, ni da ƙannena, hayaƙi yana korar mana sauro. Ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Takan buga muciya a dutsen murhu ta ce, "Ta iso bakin ƙofa. A buɗe mata ko a bar ta a waje?"

"A buɗe mata, Inna!"

Wata rana ƙanena ya ciji gwaba ya tofar, yana ta kuka. Ta dube shi ta ce, "Kai, maigidan banza, tsutsa ce ta kayar da kai? Matso ka ji."

Wai an yi wata mata mai ɗa ɗaya, da icen gwaba a bayan ɗakinta. Kullum da safe yaron yakan tsince gwabar da ta faɗo, ya ci mai kyau, ya kai wa awaki sauran. Sai Allah ya karɓi abinsa. Daga ranar matar ta hana kowa taɓa abin da ya faɗo. In an zo shara ta ce, "Ku bari, rabonsa ne." Gwaba ta taru a ƙasa tana ruɓewa, tsutsotsi suna fita suna shiga ƙasa. Da shekara ta kewayo suka fito da fukafukai, suka hau sama, suka soki ɗanyun 'ya'yan tun ba su nuna ba.

Nan Inna takan rage murya, har sai mun matso gwiwa na gugar gwiwa.

Wata magariba matar tana zaune a gindin icen, sai ta ji muryar ɗanta daga ƙasa. "Inna, abin da kike ajiye mini ba ya iso ni. Waɗansu ne ke ci. Ki kwashe." Ta ce, "A'a ɗana, yunwa za ka ji." Kowace magariba muryar tana roƙonta, kowace magariba tana ƙi, don tana tsoron in ta kwashe ba zai sake yi mata magana ba. Mutanen gida suka gaji da wari da ƙudaje, suka sa gatari. Da icen ya faɗi, muryar ba ta ƙara zuwa ba.

"Daga nan fa, Inna?" na tambaya.

"Babu daga nan. Ta koma inda ta fito, ku rufe ƙofa."

Na daɗe ba na yarda in bi ta gindin gwabarmu in rana ta faɗi. A lokacin na ɗauka dabara ce kawai ta sa mu tsince gwaba kafin mu tafi lakwal karatu, don kuwa mun tsince, babu wanda ya sake yin gardama.

Yau ni ce uwa, a wani gidan cikin Bukokin nan, da tawa gwabar kusa da robinen da muke ɗiban ruwa. 'Yata ta fari ita ce mai tsincewa, a bakin zanenta take tarawa. Da yake ta fari ce, ban taɓa kiran sunanta da bakina ba, "ke yarinya" nake ce mata. Masassarar damina ta ɗauke ta tana shekara shida. Ban ce wa kowa kada ya share gindin icen ba. Tsintsiyata ce kawai take kaucewa in ta iso wurin, sauran yarana kuma suka lura, su ma suka riƙa kaucewa.

Bana babu gwaba ɗaya da ta ciwu. Maigidana tela ne a kasuwar Katako, mutum ne mai haƙuri, amma ran nan ya ɓara uku a jere ya zubar. Ya ce, "Dije, icen nan ya zama gidan ƙuda. Akwai mai gatari kusa da shagona, zan turo shi."

Na ce, "Malam, a bar shi zuwa baɗi mana."

"Bara ma haka kika ce." Sannan ya ƙara da cewa a hankali, "Ni ma ina ganinta a wurin, Dije. Shi ya sa."

Bayan sallar magariba na zauna a gindin icen, warin ruɓa yana tasowa. Ban ji muryar kowa ba. Wata gwaba ce ta faɗo kusa da ƙafata, ta fashe. A nan tatsuniyar Inna ta dawo mini gaba ɗaya, har da hayaƙin. Inna ta binne 'ya'ya huɗu kafin ta haifi uwata. Ban taɓa tambayar kaina daga ina ta san abin da matar nan take tsoro ba.

Da gari ya waye na ɗauki tasa na tsince su duka, har waɗanda suka narke suka manne da ƙasa. Na ɗaure su cikin baƙar leda na ajiye a kan kwanon ɗaki, rana ta kashe abin da ke ciki. Na share wurin ƙal. Malam ya fito zai tafi shago, ya tsaya yana kallona. Na ce ya taho mini da ragowar ƙyallaye, zan ɗaure wa ɗanyun 'ya'yan icen kafin ƙuda ya soke su.

Ya ce, "Nawa kike so?"

Na ɗaga kai na fara duba rassan.