Kwana Takwas da Na Rataye Allon Jikata

Ni tsohuwa ce daga ƙasar Sassumbrum. Ban taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba, ɗan abin da na sani na karatu a makarantar allo na tsince shi tun ina yarinya, shi ma bai wuce na yin salla ba. Wannan wasiƙa da bakina na faɗe ta, maƙwabciyata ta rubuta mini. A lokacin da abin nan ya faru, bara ke nan, ni ce uwar unguwarmu. Maigidana ya daɗe da rasuwa, 'ya'yana kowa ya kama gabansa. Idan an haihu ni ake kira in duba ruwan wanka, idan mace ta rasu ni ke nuna yadda za a yi mata sutura. Na saba in yi magana a ce to. Shekara da shekaru babu wanda ya ce mini a'a, har na manta cewa akwai abin da ban sani ba.

Mu biyu ne a gidan, ni da jikata, 'yar ɗana na fari. Ubanta yana can ƙasar Dogo-Dogo da gonarsa da shanunsa, ya kawo mini ita ne saboda koleji na kusa da mu. Ranar da ya kawo ta ya faɗi sharaɗinsa a gaban kowa: shekara huɗu ya ba ta. In ta ci jarrabawar birebe, ta gama koleji, ta wuce lise, makarantar gaba, a Magaria, in ta faɗi ta koma gida ta kama wa uwarta tatsa da kiwon awaki. Ita kuwa burinta ta zama ungozomar asibiti. Takan tsokane ni ta ce sai ta ƙwace mini sana'a, in ce mata wadda ke gudun ƙadangare ce za ta karɓi haihuwa? Abin da ke damunta littafi. A ajinsu littafi ɗaya yara da yawa ke rububinsa, kafin ya zo hannunka rabin shafukan sun zube.

To, ana nan, a shekararta ta ƙarshe, sai autana da ke aiki a Damagaram ya zo ganin gida da wani abu a aljihunsa. Faɗinsa bai wuce tafin hannun babban mutum ba, kaurinsa kamar wainar gero guda biyu, bayansa baƙar roba. Ya faɗi sunansa da Faransanci, bakina ya kasa kamawa, sai na ce masa allo, sunan kuma ya bi shi. Ya ce ai mai arha ne, na masu ƙaramin ƙarfi, ba ya kiran waya, ba ya kiɗa, ba launi, ba fitila a jikinsa, karatu kawai. Ya ce ya zuba mata littattafan aji duka da tambayoyin jarrabawar shekarun baya. Na ɗauka na jinjina, na ce masa ko dai an cuce shi ne, don na taɓa ɗaukar littafi ɗaya ma ya fi wannan nauyi. Ya yi dariya ya ce in bari in gani.

Na kuwa gani. Ni da na ƙi jinin salula, wayar hannu, saboda yadda take kashe ido, sai ga rubutu baƙi a kan fari kamar an zuba tawada a takarda. Da rana tsaka, a gindin itacen bedi na ƙofar gida, inda fuskar salula ke bacewa, shi nan ne ya fi fitowa raɗau. In ta taɓa gefensa sai ya yi ƙiftawa, ya yi baƙi, sannan sabon shafi ya fito a hankali. Ita wannan jinkirin ke ba ta haushi, ni kuwa shi ya burge ni, na ce mata abu ne mai natsuwa, ba irin ku ba. Wuta kuma ba ya ci. Sau ɗaya za a kai shi wurin mai fano, mai caji da hasken rana, a kasuwa, sai kasuwa uku ta ci bai nemi ƙari ba. In ta ajiye shi ta tafi rijiya, rubutun na nan yana jiranta, bai gushe ba. Gara ba ta cinsa, akuya ba ta taunarsa. Nakan zauna ina sussukar gero a gefe ina satar kallonta, tana karatu tana motsa baki, in ce a raina wanda ya ƙera wannan abu ya san halin talaka.

Wata ranar Juma'a da hantsi ta ce in matso ta nuna mini wani abu. Ta taɓa, ta taɓa, sai ga baƙaƙen Larabci. Na ce mata idona ya daɗe da daina ganin irin wannan, tun kafin a haife ta nake kallon Alƙur'anin maigidana kamar jerin tururuwa. Ta ce tsaya tukuna, tsohuwa. Ta sake taɓawa sai baƙaƙen suka girma, ta ƙara suka girma, har kowane ya kai ƙwayar gyaɗa. Na ga Fatiha. Na bi da yatsana ina ganewa, baƙi bayan baƙi, yadda malaminmu ya rubuta mini a allo ina 'yar shekara bakwai. Ban san hawaye na zuba ba sai da ta ce zan jiƙa mata kaya. Na tambaye ta ko Fatihar ce kaɗai a ciki, ta ce a'a, izu sittin cif, baffanta ya sa mata.

Daga wannan rana abin ya canza a idona. Na ce ashe Alƙur'ani muke ajiyewa a kan tabarma kusa da takalma. Na ciro gafakar maigidana ta fata na kaɗe ta, na ce nan ne mazauninsa. Na kafa doka: ba a ajiye shi a ƙasa, ba a taɓa shi sai da alwala, ba a kai shi lakwal inda kowane hannu zai damƙa. Ta ɗan yi gunaguni, ta ce na mayar mata da abin karatu surukinta, amma ta bi. Ban tambayi kowa ba. Abin da na gada ke nan, kuma a ganina girmamawa nake yi.

Kwanci tashi jarrabawa ta matso, saura kwana goma, an yi ruwan shuka. Sai na lura yarinya ba ta salla, al'adarta ta zo. Da safe ta miƙa hannu za ta ɗauki gafaka, na riga ta. Na rataye ta a ƙusar da ke saman gadona, na ce sai ta yi wanka. Ta tsaya tana dubana kamar wasa nake. Da ta ga ba wasa ba ne sai ta durƙusa. Ta ce Kaka, lissafi zan duba, ba zan buɗe wajen Alƙur'anin ba. Na ce ai yana ciki. Ta ce to ta naɗe hannunta da gyale. Na ce a'a. Ta ce tambayoyin shekarun baya duka suna ciki, ba ta kwafe su a kaye, littafinta na rubutu, ba don ta san tana da su, kuma lissafin nan shi ne rauninta. Na ce mata wanda ya girmama littafin Allah ba zai taɓe ba, ta je ta karanta kayenta. Ta ce a bari ta je ta tambayi liman. Nan na fusata, na ce ni za ta kai ƙara wurin maza a kan maganar mata? Ta tashi ta ɗauko kayenta. Kwana takwas abin nan na rataye. Tana shiga ɗakina ta yi shara, ta ɗaga kai ta dube shi, ta fita. Ta daina tsokanata, ni kuwa na ɗauka ladabi ne ya ƙaru.

Ta yi wanka saura kwana biyu. Ta karanta abin da ta iya, ta shiga jarrabawa. Da sakamako ya fito babu sunanta. Mushensu, malamin lissafi, ya ce mata kaɗan ya rage, kuma a darasinsa ta zube. Ta dawo ta wanke tufafinta, ta ninke su a jaka, tana jiran ranar da ubanta zai aiko.

A satin ne autana ya zo. Da ya ji yadda aka yi sai ya riƙe kai. Ya ce Inna, da kin sa an kira ni, ai taɓawa biyu ce a cire Alƙur'anin a mayar daga baya. Ya ciro salularsa ya ce ita ma akwai shi a ciki, haka ta direban da ya kawo shi, haka ta mai shayi. Ban yarda ba sai da na yafa mayafi na je wurin liman da kaina, wurin da na hana yarinya zuwa. Ya saurare ni har na gama. Ya ce niyyata mai kyau ce, amma malamai da yawa ba sa ɗaukar irin wannan na'ura daidai da Alƙur'anin takarda, balle ga mai neman darasin lissafi. Sannan ya tambaye ni a hankali me ya hana ni zuwa tun ranar farko, ga gidansa ga gidana. Na tashi na koma gida.

Abin da ya rage shi ne ubanta, kuma nan ne wuyar take. Shi ɗan fari ne. A al'adarmu ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama na yi doguwar magana da shi ido da ido ba, in ina da saƙo sai in bi ta bakin wani. Na so in aiki autana, sai na ga in ba daga bakina ya ji ba, zai ce rufa wa yarinya asiri ake yi. Ranar kasuwa na hau moto, wato babur, zuwa Magaria, daga can na shiga motar 'yan kasuwa, na isa da la'asar ƙafafuna sun kumbura. Na same shi a bakin garke yana ɗaure maraƙi. Da ya gan ni ya zube ƙasa yana tambaya ko lafiya. Na zauna a kan turmi a gabansa, na dube shi, na ce yarinya ba ta faɗi ba, ni na kayar da ita. Na faɗa masa komai, ban rage ba. Na ce in hukunci zai yi, ga mai laifi a zaune. Ya daɗe kansa a sunkuye yana wasa da igiya. Matarsa ta leƙo ta koma. Can ya ce shi tunda yake bai taɓa jin muryata ta yi tsawo haka a kansa ba. Ya ce shekara ɗaya, ba ƙari.

Yanzu tana maimaita aji. Ƙawayenta suna lise a Magaria, in sun zo hutu takan shige ɗaki har su wuce. Ta yafe mini, ta faɗa da bakinta, amma shekarar nan ba ni da inda zan samo in mayar mata. Allon kuwa ban ga laifinsa ba ko kaɗan, har gobe ina yaba shi, duk wanda ke da hali ya saya wa ɗansa ko da mai arhar ne. Laifin nawa ne, da na yanke hukunci a kan abin da ban san cikinsa ba, don kawai an saba ce mini to. 'Yan'uwana tsofaffi masu riƙon jikoki, kayan zamani za su ci gaba da shigo mana gida, wasu za su ba mu tsoro, wasu za su sa mu kuka don daɗi. Kafin ku kafa doka a kansu, ku taka ku tambaya. In kuma yaro ya durƙusa ya ce a je a tambayi wanda ya sani, ku ɗauki mayafi ku bi shi a ranar, kada ku jira sai ya ninke kayansa a jaka.