Maɓallai Takwas na Malam Isa

Tsoron ya fara kama Bushira ne ranar wata Laraba da hantsi, a shagon mahaifinta da ke bayan tashar Dogondutsi. Wuta ta ɗauke ta dawo, Malam Isa ya sake kunna piyano ƙafarsa tana kan feda. Duk wanda ya zauna shagon nan ya san ba a haka. In aka kunna na'urar ana danne da feda, sai ta juya aikinta: ka ɗaga ƙafa sauti ya yi ta ja, ka taka ya yanke. Shi da kansa ya koya wa Bushira wannan tun tana firamare.

Ya ci gaba da kiɗa. Sautuka suna hawa kan juna, sun dame, shi kuwa yana gyaɗa kai. Zuwaira, mawaƙiyar da ta zo gwajin waƙar biki, ta bar waƙar ta dubi Bushira.

Malam Isa mutumin ƙauyen Kiyeshe ne, ɗan manomin gero. Da gyaran rediyo ya fara, har wani ɗan kasuwa ya kawo masa piyano daga Birnin Kebbi wai ya mutu. Ya tashe shi, mai shi bai dawo ba. Bai taɓa karanta takardar na'urar ba. Da kunne yake aiki: ya rage kauri, ya ƙara zaƙi, ya daidaita jan feda, har piyano ya yi kukan goge yadda tsofaffin ƙauyen Lugu ke tsayawa su leƙo. Samarin kasuwa da ke yi masa wa'azi kan kiɗa, su ma shi suke kawo wa lasifikar masallaci in ta fara ƙara. Da wannan kunnen ya kai Bushira jami'a a Yamai.

Da Zuwaira ta tafi, Bushira ta zauna gaban piyanon. Akwai maɓallai takwas da ake adana saiti a cikinsu, kowanne ya manna masa takarda da shekarar da ya yi shi. Ta danna na farko, sauti mai laushi. Na uku ya ɗan yi kaifi. Na shida har haƙora yake taɓawa. Na takwas, na bana, ya kai zaƙin ƙarshen ma'auni, babu sauran wurin ƙarawa. Ashe shekara da shekaru yana bin abin da ke gudun kunnensa, mutane kuwa suna cewa sabon salo ne.

Ta roƙe shi ya juya baya, ta buga masa na farko da na takwas. Ya ce ta daina wasa da shi, ta canza maɓalli. Ta ce ai ta riga ta canza.

Ya juyo ya dube ta.

"Ɗiyata, tun yaushe kika sani?"

"Yau, Baba."

"Ni na fi shekara biyu ina zargin lasifika. Uku na sauya."

Ya so a bar maganar a gida, don in ta fita babu mai sake kiransa biki. Bushira ta ce ai Zuwaira ta riga ta ji da kunnenta. Kwana huɗu suna ja kafin ya yarda a duba shi. A asibitin garin aka wanke kunnen, ba a ga canji ba, aka ce sai Yamai, inda akwai na'urar awon ji. Can ne za a san ko abin sa wa a kunne zai taimaka, ko jijiyar ce ta tafi.

Ƙanensa Mukhtar ya raka shi ranar Litinin. Bikin Zuwaira saura kwana tara, ta ce za ta jira zuwa Juma'a kafin ta nemi wani makaɗi. Bushira ce ke buɗe shagon, tana karɓar rediyoyi tana cewa mai gyara ya yi tafiya. Jiya aka yi awon. Likitan da zai duba sakamakon bai shigo ba tukuna, kuma har yanzu Mukhtar bai kira ba.